Mormon, Dokar Aure da Siyasar Amurka: Yadda Wanda Aka Tuhuma Ya Koma Mai Gabatar da Ƙara

A tarihin Amurka babu wata ƙungiyar addini da batun aure ya jefa cikin rikici da gwamnati kamar mabiya Mormon. A ƙarni na 19 an ɗaure mazajensu, an hana su jefa ƙuri'a, an kuma ƙwace dukiyar cocinsu saboda sun ce addininsu ya halatta wa namiji ya auri mace fiye da ɗaya. Bayan fiye da shekara ɗari, a 2008, sai ga cocin nan ɗin a sahun gaba na masu neman doka ta taƙaita aure tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya a jihar Kalifoniya. Masu sukarsu sun kira wannan munafunci, su kuwa sun ce riƙo ne da aƙida. Hukunce-hukuncen biyu duk sun yi gajere, domin abin da ke ƙarƙashin labarin shi ne tambayar da Amurka ba ta taɓa warwarewa ba: idan doka ta fayyace mene ne aure, da bakin wa take magana?

Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York ranar 6 ga Afrilu, 1830, bayan ya buga Littafin Mormon, wanda ya ce ya fassara shi daga wasu faranti na zinariya da mala'ika ya nuna masa. Cikakken sunan ƙungiyar shi ne Cocin Yesu Kiristi na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, kuma tun 2018 shugabanninta suke roƙon a daina kiran su Mormon, ko da yake sunan ya riga ya bi baki. Suna ɗaukar kansu Kiristoci, amma manyan ɗarikun Kirista da yawa ba su yarda da hakan ba, saboda suna da ƙarin littattafai masu tsarki kuma sun yi imani cewa shugaban cocinsu annabi ne mai karɓar wahayi. Wannan imani na ƙarshe shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya, domin a wurinsu hukuncin addini yana iya sauyawa idan shugaba ya ce an saukar masa da sabon umarni.

Tun kafin maganar aure ta fito fili, maƙwabtansu sun tsane su, kuma dalilin na siyasa ne. Suna sauka wuri ɗaya da yawa, suna saye da sayarwa a tsakaninsu, sannan suna jefa ƙuri'a a dunƙule bisa abin da shugabanni suka nuna. A 1838 gwamnan Missouri, Lilburn Boggs, ya ba da umarnin a kore su daga jihar ko a hallaka su, umarnin da ba a soke shi a hukumance ba sai 1976. Sun koma Illinois suka gina garin Nauvoo, inda Smith ya zama shugaban coci, magajin gari, kuma kwamandan dakarun garin a lokaci guda, har ya tsaya takarar shugabancin ƙasa a 1844. A nan ne ya fara koyar da auren mace fiye da ɗaya a asirce, aka kuma rubuta wahayin da ya ce an yi masa kan hakan a watan Yulin 1843. Da wasu da suka ɓalle daga cocin suka buga jarida suka tona asirin, majalisar garin ta sa aka lalata injin buga jaridar. Aka kama Smith, kuma ranar 27 ga Yuni, 1844, gungun mutane suka kutsa kurkukun Carthage suka harbe shi tare da ɗan'uwansa Hyrum.

Brigham Young ne ya jagoranci mafi yawan mabiyan zuwa yamma, suka isa kwarin Salt Lake a watan Yulin 1847. Da gwamnatin tarayya ta kafa yankin Utah a 1850, shi aka naɗa gwamna. A 1852 cocin ya bayyana wa duniya cewa yana koyar da ƙarin aure. Yana da kyau mai karatu Bahaushe kada ya auna wannan da ma'aunin shari'ar Musulunci, domin a wurin Mormon babu iyakar mata huɗu, kuma Young da kansa an ɗaura masa aure da mata fiye da 50. Mafi yawan mazan da suka ƙara aure dai mata biyu suka tsaya a kai, kuma a wajajen 1870 kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na mutanen Utah ne suke zaune a irin waɗannan gidaje. Abin da ya ba al'adar nauyi shi ne aƙidarsu cewa auren da aka ƙulla a haikali ba ya ƙarewa da mutuwa, kuma iyali ne matakin samun ɗaukaka a lahira.

Sauran Amurkawa, waɗanda galibinsu Furotesta ne, sun ɗauki abin a matsayin abin kunya ga ƙasa. Jam'iyyar Republican a manufofinta na farko a 1856 ta haɗa auren mace fiye da ɗaya da bauta, ta ce su ne tagwayen ragowar jahilci da ya wajaba a kawar. A 1857 Shugaba James Buchanan ya tura sojoji Utah don sauke Young daga kujerar gwamna. A 1862 Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta haramta ƙarin aure a yankunan da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya kai tsaye, amma yaƙin basasa ya ɗauke hankalin kowa, kuma kotunan Utah da masu taya alƙali yanke hukunci duk a hannun Mormon suke, don haka dokar ta zauna a takarda.

Shugabannin cocin sun yi imani cewa gyaran farko na kundin tsarin mulki, wanda ya hana majalisa yin dokar da za ta tauye 'yancin yin addini, zai kare su. Shi ya sa George Reynolds, sakataren Brigham Young, mai mata biyu, ya zama zakaran gwajin dafi. Aka yanke masa ɗaurin shekara biyu da tarar dala 500, ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. A watan Janairun 1879 kotun ta tabbatar da hukuncin, kuma dalilan da Babban Joji Morrison Waite ya bayar sun zama tushen dokar addini a Amurka har yau. Ya ce majalisa ba ta da iko kan abin da mutum ya yi imani da shi a zuciyarsa, amma tana da iko kan abin da ya aikata. Ya kawo misalin wanda zai ce addininsa ya umarce shi da yanka mutum don hadaya, da matar da za ta ce wajibi ne ta ƙone kanta tare da gawar mijinta, ya ce idan aka bar aƙida ta rinjayi doka, kowane ɗan ƙasa zai zama doka ga kansa. A cikin wannan hukunci ne kuma Kotun Ƙoli ta fara dogaro da wasiƙar da Thomas Jefferson ya rubuta a 1802 kan katangar da ta raba coci da gwamnati.

Sai dai akwai wani layi a hukuncin da ya fi dukan sauran nuna inda aka dosa. Waite ya rubuta cewa al'ummomin arewaci da yammacin Turai sun daɗe suna ƙyamar auren mace fiye da ɗaya, kuma kafin zuwan Mormon kusan al'ada ce ta mutanen Asiya da Afirka kaɗai. Ma'ana, kotun da ta ce tana raba addini da gwamnati ta ɗauki tsarin auren Kiristocin Turai ta mayar da shi ma'aunin wayewa, sannan ta kira shi dokar kowa da kowa. Dokar ba ta ambaci Yesu ko Littafi Mai Tsarki ba, amma daga can ta samo siffarta. Addinin masu rinjaye ba ya buƙatar ya bayyana sunansa a cikin doka, tun da an riga an ɗauke shi a matsayin abin da hankali ya sani. Addinin 'yan tsiraru ne kullum ake gani a matsayin kutse.

Bayan wannan hukunci aka matsa lamba da gaske. Dokar Edmunds ta 1882 ta sauƙaƙa wa masu gabatar da ƙara aiki, domin ba sai an tabbatar da ɗaurin aure ba, zama da mace fiye da ɗaya kawai ya isa laifi, kuma ta hana masu ƙarin aure yin zaɓe, riƙe muƙami ko zama masu taya alƙali. Maza fiye da dubu aka ɗaure, wasu suka tsere Meziko da Kanada, shugaban cocin na lokacin, John Taylor, ya rasu a maɓoyarsa a 1887. A shekarar ce dokar Edmunds da Tucker ta rushe rajistar cocin, ta ba da damar ƙwace dukiyarsa, ta kuma ƙwace wa matan Utah 'yancin zaɓen da suka samu tun 1870. Wannan na ƙarshe abin lura ne: an ce ana yaƙin ne don ceton matan, amma da aka ga suna zaɓar 'yan takarar cocinsu, sai aka karɓe ƙuri'arsu. A 1890 Kotun Ƙoli ta amince da ƙwace dukiyar, ta kuma amince da dokar yankin Idaho da ta hana mutum zaɓe don kawai yana cikin ƙungiyar da ke koyar da ƙarin aure, ko da shi mace ɗaya gare shi. A nan bambancin imani da aiki da Waite ya kafa ya kusa ɓacewa.

A watan Satumba na 1890, yayin da haikalan cocin ke fuskantar barazanar ƙwacewa, shugaba Wilford Woodruff ya fitar da sanarwa yana shawartar mabiya su guji duk auren da dokar ƙasa ta haramta. Daga baya ya bayyana cewa Ubangiji ne ya nuna masa abin da zai faru da cocin idan aka ci gaba. Mabiyi zai ce wahayi ne, masanin tarihi zai ce miƙa wuya ne, kuma a tsarin tunanin Mormon biyun ba sa cin karo. Sanarwar ba ta ce aƙidar ƙarya ce ba, kuma wahayin 1843 yana nan cikin littattafansu har yanzu. A 1891 aka rushe jam'iyyar siyasar da cocin ke mara wa baya, mabiya suka rarrabu tsakanin Democrat da Republican, sannan a Janairun 1896 Utah ta zama jiha ta 45, bisa sharaɗin kundin tsarin mulkinta ya haramta ƙarin aure har abada.

Zargin bai mutu nan take ba. Majalisar Wakilai ta ƙi ba B. H. Roberts kujerarsa a 1900 saboda yana da mata fiye da ɗaya. Da aka zaɓi Reed Smoot sanata a 1903, wanda mace ɗaya gare shi amma yana cikin manzanni goma sha biyu na cocin, Majalisar Dattawa ta shafe daga 1904 zuwa 1907 tana bincike, kuma ainihin tambayar ita ce ko mutumin da ya yi wa annabinsa mubaya'a zai iya yi wa kundin tsarin mulki biyayya. Binciken ya gano cewa an ci gaba da ɗaura wasu aurarrakin a ɓoye, abin da ya sa shugaban cocin na lokacin, Joseph F. Smith, ɗan Hyrum, ya fitar da sanarwa ta biyu a 1904 cewa duk wanda ya ƙara aure za a kore shi daga coci. Smoot ya tsira da kujerarsa, ya zauna har 1933. Waɗanda suka ƙi yarda da sauyin sun ɓalle sun kafa nasu ƙungiyoyin, kuma daga cikinsu ne aka samu Warren Jeffs, wanda wata kotu a Texas ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2011 kan lalata da ƙananan yara mata da ya kira matansa. Babban cocin ba ya ɗaukar su a matsayin nasa.

A ƙarni na 20 Mormon suka rikiɗe suka zama abin misali na iyalin Amurka mai ra'ayin mazan jiya: mata ɗaya, 'ya'ya da yawa, ba giya, ba taba, ga biyayya ga hukuma, wadda ma tana cikin rukunan imaninsu goma sha uku. Cocin ya tsayar da ƙa'idar cewa ba ya goyon bayan jam'iyya ko ɗan takara, amma yana da 'yancin magana kan abin da ya kira batutuwan tarbiyya. Ƙa'idar ta dace da dokar haraji ta 1954, wadda ta hana ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji tallata ɗan takara, amma ta bar musu ƙofar tsoma baki kan dokoki gwargwado. Ta wannan ƙofa cocin ya yaƙi gyaran kundin tsarin mulki kan daidaita maza da mata a shekarun 1970, ta ita kuma ya shiga batun auren jinsi, bayan ya fitar da sanarwarsa kan iyali a 1995, wadda ta ce aure tsakanin namiji da mace Allah ne ya ƙaddara shi, ta kuma yi kira ga jami'an gwamnati su kare shi.

A watan Mayun 2008 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta halatta auren jinsi a jihar. Masu adawa suka gabatar da Ƙuduri na 8 don a gyara kundin jihar ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, kuma babban limamin Katolika na San Francisco, George Niederauer, wanda ya taɓa zama bishop a Salt Lake, ya nemi Mormon su shigo. A ƙarshen watan Yuni aka karanta wasiƙar shugabannin cocin a majami'unsu na Kalifoniya, ana kira ga mabiya su ba da lokacinsu da dukiyarsu. Duk da cewa ba su wuce kusan kashi 2 cikin ɗari na mutanen jihar ba, ƙiyasi ya nuna sun ba da kusan rabin dala miliyan 40 da ɓangarensu ya tara, su ne kuma suka fi yawa cikin masu bi gida-gida. Ƙudurin ya yi nasara da kusan kashi 52 cikin ɗari. Zanga-zanga ta biyo baya a ƙofar haikalansu, aka ƙaurace wa kasuwancin wasu da suka ba da gudummawa, har aka yi ta kiran a janye wa cocin yafiyar haraji.

A ganina zargin cewa cocin ya keta katangar da ke tsakanin addini da gwamnati ba shi da ƙarfi. Wannan katanga gwamnati take ɗaurewa, ba ta hana ɗan ƙasa ya je rumfar zaɓe da imaninsa ba, kuma yaƙin kawar da bauta da gwagwarmayar baƙaƙen fata ta su Martin Luther King duk daga mumbarin coci suka samu ƙarfi. Wanda ya yaba wa waɗancan ba zai iya cewa addini ya fita daga siyasa don kawai wannan karon bai so sakamakon ba. Zargin da ya fi nauyi shi ne na tarihi. Hujjar da aka kafa a 2008, cewa masu rinjaye na da ikon sanya fahimtarsu ta aure a cikin doka domin kare al'umma da yara, ita ce ainihin hujjar da aka ɗaure kakanninsu da ita. Amsar cocin ita ce ƙarin aure ma tsakanin namiji da mace yake, don haka aƙida ba ta sauya ba. Wannan amsa ta isa ta fuskar addini, amma ta fuskar siyasa ba ta taɓa inda ake ciwo ba, wato wa ke da ikon yanke wa 'yan tsiraru hukunci.

Nasarar ba ta daɗe ba. Wata kotun tarayya ta soke ƙudurin a 2010, kuma ranar 26 ga Yuni, 2015, Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Babban Joji John Roberts, wanda bai amince da hukuncin ba, ya rubuta cewa hujjojin da abokan aikinsa suka dogara da su za su iya aiki ga auren mace fiye da ɗaya, wanda ma ya fi daɗewa a al'adun duniya. Tun kafin hukuncin cocin ya fara sauya salo, daga neman doka ta bi aƙidarsa zuwa neman doka ta ƙyale shi da aƙidarsa. A watan Maris na 2015 ya goyi bayan wata doka a Utah da ta hana nuna wa 'yan luwaɗi da maɗigo bambanci wajen aiki da hayar gida, a musayar kariya ga cibiyoyin addini. A 2022 kuma ya mara wa dokar tarayya baya da ta tabbatar da amincewa da auren jinsi, bayan an sa mata sashen da ya ce ba za a tilasta wa ƙungiyar addini ta ɗaura irin wannan aure ba, tare da jaddada cewa koyarwarsa ba ta sauya ba. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma matsayin da ya koma kai ya fi kama da abin da George Reynolds ya roƙa a 1879 fiye da abin da aka nema a 2008.

Tambayar da aka yi wa Smoot ta sake tasowa lokacin da Mitt Romney, ɗan Mormon, ya nemi shugabancin ƙasa, shi da kakan mahaifinsa ya gudu Meziko a 1885 saboda dokar ƙarin aure. A jawabinsa na Disamban 2007 a Texas ya yi alkawarin cewa babu wani shugaban coci da zai juya shi a ofis, kamar yadda John Kennedy, ɗan Katolika, ya yi a 1960 game da Fafaroma, kuma a 2012 Kiristocin bishara da ke kallon addininsa a matsayin ɓata sun zaɓe shi da gagarumin rinjaye, domin a lokacin haɗin kai kan aure da zubar da ciki ya fi musu muhimmanci a kan saɓanin tauhidi. A daidai wannan lokaci shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, Harry Reid na Democrat, shi ma ɗan Mormon ne.

Auren mace fiye da ɗaya kuwa yana nan a haramce a dukan jihohi 50. Utah ta sassauta a 2020, ta mayar da shi ƙaramin laifi na tara idan manya ne suka amince kuma babu zalunci ko yaudara a ciki, bisa hujjar cewa tsoron ɗauri yana hana matan da ake cutarwa kai ƙara, amma ba ta halatta shi ba. Dokar 2022 da cocin ya goya wa baya ta fito fili ta ce gwamnatin tarayya ba ta amince da aure tsakanin fiye da mutum biyu ba. Hukuncin Reynolds ba a soke shi ba, kuma a 1990 Mai Shari'a Antonin Scalia ya dogara da shi wajen yanke cewa dokar da ta shafi kowa ba ta buƙatar keɓe mai addini. Haramcin da aka sa a dokar shige da fice tun 1891 kan masu mace fiye da ɗaya shi ma yana nan, sai dai a yau ya fi shafar Musulmi da 'yan Afirka: magidanci daga Kano ko Maraɗi mai mata biyu ba zai iya samun takardar zama ga duka biyun a matsayin matansa ba. Cocin da kansa, wanda ya tura masu bishara Najeriya da Ghana a 1978 bayan ya ɗage hanin da ya yi wa baƙaƙen fata na zama firistoci, ya kuma buɗe haikali a Accra a 2004 da Aba a 2005, ba ya karɓar mai mace fiye da ɗaya a matsayin mamba, ko da a ƙasar da doka ta halatta masa.